Yadda zaka lissafa zafi, ruwa da dutse na ramin binne sharar nukiliya a kwamfuta

A tsibirin Olkiluoto na ƙasar Finland akwai wani rami da ake kira Onkalo, kamfanin Posiva ne ya fara haƙa shi tun 2004, zurfinsa ya haura mita 400 a cikin dutsen da ya kai shekara wajen biliyan 1.9. Nan za'a binne makamashin nukiliyar da tashoshin lantarkinsu suka gama amfani dashi, kuma abunda ake so shine ya zauna a killace har shekara 100,000. Toh babu injiniyan da zai zauna ya jira yaga ko ya zauna ɗin, dole sai lissafi, kuma lissafin nan abu uku ne ke cakuɗe a cikinsa, zafin da sharar ke fitarwa, ruwan dake cikin ƙasa, da yadda dutsen ke motsi idan an dame shi. Masu aikin suna ce masa THM, wato haruffan farko na zafi, ruwa da motsin dutse a Turance. Idan kai ɗalibin injiniya ne ko jiyoloji ko fizik kana son shiga wannan fanni, ga yadda zaka bi, kuma tun yanzu in faɗa maka, kada ka buɗe manhaja ka zuba duka ukun lokaci guda, zaka samu hoto mai kala mai kyau wanda kai kanka baka san ko gaskiya yake faɗa ba.

Fara sanin abunda kake lissafawa

Tsarin da Finland da Suwidin suke bi sunansa KBS-3, kamfanin SKB na Suwidin ne ya ƙirƙiro shi. Ana saka sandunan makamashin a cikin ƙarfen zubi, a rufe da gwangwanin jan ƙarfe mai kaurin santimita 5, tsayinsa kusan mita 5, faɗinsa mita 1 da ɗan ɗoriya. Sai a haƙa rami a tsaye a ƙasan tanel, zurfin mita 8, faɗin mita 1.75, a zura gwangwanin, a zagaye shi da wani yumɓu mai suna bentonait kaurin santimita 35. Wannan yumɓun shine jarumin labarin gaba ɗaya, idan ya sha ruwa kumbura yake ya toshe duk wata kafa, ruwa baya iya gudu a cikinsa. Dokar da suka kafa wa kansu kuwa ita ce zafin bentonait ɗin kada ya wuce digiri 100, saboda idan ya daɗe cikin zafi mai yawa ma'adinin dake sa shi kumbura yana iya rikiɗa ya zama wanda baya kumbura. Kuma kowane gwangwani a tsarin Suwidin ba'a so ya wuce wat 1,700 ranar da za'a binne shi, shiyasa ake barin makamashin ya huce shekara 30 zuwa 40 a cikin ruwa kafin nan.

Faransa kuma ba dutse mai tauri irin giranait na Suwidin suka zaɓa ba, hukumar Andra tana shirin Cigéo a kusa da Bure, mita 500 cikin dutsen yumɓu mai shekara miliyan 160, iyakarsu digiri 90. Siwizalan ma dutsen yumɓu ne, sunansa Opalinus. Amurka tana da WIPP a New Mexico cikin gishiri, mita 655, tun 1999 yake aiki. Ka zaɓi guda ɗaya ka tsaya a kai, domin abunda ke ba mai giranait tsoro ba shi ke ba mai yumɓu tsoro ba. Ni shawarata ka fara da KBS-3, bayanansa sunfi yawa a fili, SKB da Posiva suna saka rahotanninsu kyauta a intanet.

Zafi tukuna, kuma da biro da takarda

Kafin ka taɓa kwamfuta kayi lissafin hannu guda uku. Minti talatin zai ci maka amma shi zai riƙa gaya maka gaskiya har ƙarshen aikin.

Na farko, saurin tafiyar zafi a dutse. Giranait yana wuce da zafi kamar wat 3 a kowace mita kowane digiri, wannan lambar ita ake kira k. Idan ka raba ta da yawan zafin da dutsen ke iya riƙewa zaka samu kamar murabba'in mita 40 a shekara, toh lokaci = nisa × nisa ÷ 40. Kenan zafi zai kai mita 20 cikin shekara 10, amma kafin ya kai saman ƙasa mita 400 sai yayi wajen shekara 4,000. Kaga daga nan kawai ka san girman filin da zaka zana da tsawon lokacin da zaka gudanar.

Na biyu, gwangwani ɗaya a matsayin ɗigon zafi: ƙarin zafi = Q ÷ (4 × π × k × r), Q shine wat ɗin da gwangwanin ke fitarwa, r kuma nisa daga gwangwanin. Saka Q = 1,700, k = 3, r = mita 5, zaka samu digiri 9. Kaɗan ne koh? Amma ba gwangwani ɗaya bane, a Forsmark inda Suwidin ke gina nata ramin kusan 6,000 ne, tazarar mita 6 tsakaninsu, tanel da tanel mita 40, kowa yana ɗora nasa zafin akan na maƙwabcinsa.

Na uku shine wanda nafi so saboda shi ke nuna maka dalilin da yasa ba'a raba zafi da ruwa. Ɗauki gwangwanin a matsayin dogon layi, wat 1,700 raba mita 4.8, kusan wat 354 a kowace mita. Bambancin zafi tsakanin cikin bentonait da wajensa = 354 ÷ (2 × π × k) × ln(0.875 ÷ 0.525), inda 0.875 rabin faɗin ramin ne, 0.525 kuma rabin faɗin gwangwanin, wato kamar 29 raba k. Idan yumɓun a jiƙe yake k ɗinsa wajen 1.2 ne, digiri 24 kenan. Idan ya bushe k ya sauka zuwa 0.6, digiri 48. Lissafin yana ɗan zarce gaskiya don wani zafin na fita ta sama da ƙasan gwangwanin, amma duba dai, bushewa kawai ta ninka lambar, kuma zafin ne da kansa yake busar dashi.

Kada ka manta Q ba tsayayye bane. A farko siziyam-137 da sitirontiyam-90 ne ke bada yawancin zafin, su kuma rabinsu na ƙarewa duk wajen shekara 30, daga baya amerisiyam-241 mai shekara 432 ya karɓi ragamar. Saboda haka ka shigar da Q a matsayin tebur na shekara da wat, ba lamba ɗaya ba. Idan kayi daidai zakaga zafin bentonait ya kai ƙololuwa galibi cikin shekaru 20 na farko sannan ya fara sauka a hankali, shi kuma dutsen dake nesa sai daga baya sosai zai kai tasa ƙololuwar.

Wani abu da mutanenmu ya kamata su lura dashi, zafin farko na dutsen. A Forsmark a zurfin da za'a binne kamar digiri 11 ne kawai, kenan suna da sararin kusan digiri 89 kafin su taɓa 100. Idan da a dutsen yankin Kano ko Zariya ne, inda matsakaicin zafin shekara a sama ma ya kai wajen 25, a mita 500 zaka tashi da wajen 35 zuwa 40, sararin ya ragu sosai, dole ka buɗa tazara ko ka bari makamashin ya ƙara hucewa. Ba wai muna da irin wannan sharar mai yawa bane, na'urar bincike ta NIRR-1 dake jami'ar Ahmadu Bello kilowat 30 da ɗan ɗoriya ce kacal, amma idan kana kwafar lambobin Turawan arewa cikin aikinka ka san me ka kwafa.

Manhaja da raga

Idan baka da kuɗin lasisi, OpenGeoSys kyauta ce, cibiyar UFZ ta Leipzig a Jamus ce kan gaba wajen haɗa ta, kuma tana zuwa da misalai da yawa da aka riga aka warware. Ka haɗa ta da Gmsh don yanka raga, wato raba filin zuwa ƙananan ƙwayoyi da manhaja ke lissafawa ɗaya-ɗaya, da ParaView don kallon sakamako, duk kyauta. Akwai CODE_BRIGHT ta jami'ar UPC a Barcelona wadda ta shahara sosai akan bentonait, akwai TOUGH-FLAC da Jonny Rutqvist ya haɗa a Berkeley, akwai COMSOL mai sauƙin dannawa amma tsada. Duk wadda ka ɗauka, fara da gudanar da misalinsu ba tare da ka canza komai ba, sai ka tabbatar ta baka amsar da suka ce zata baka.

Zanenka na farko ya zama rami ɗaya, mai zagayawa akan layin tsakiya, ba sai ka shiga 3D ba. Ƙwayoyin ragar su zama ƙanana, santimita kaɗan, a jikin gwangwani da cikin bentonait, suna girma suna girma har su kai mita goma-goma a nesa. A gefe, wato tsakiyar tazarar dake tsakaninka da maƙwabci, ka hana zafi da ruwa wucewa kuma ka hana dutse matsawa gefe, wannan dabarar ita ke sa gwangwani ɗaya ya tsaya a madadin dubbai. Sama ka kai shi har doron ƙasa, ƙasa kuma ka sauka da nisa sosai. Kunna zafi kaɗai, ka gwada da lissafin hannunka. Sannan ka ninka ƙwayoyin ragar ka sake, idan amsar ta canza da yawa toh ragar ce ke magana ba dutsen ba.

Ruwa, inda aikin yake

Nan ne zaka daɗe. Ana saka bentonait ne a matse amma bai gama jiƙa ba, akwai iska a ƙofofinsa, don haka yana zuƙar ruwa da ƙarfin da ya kai gomman megafaskal, wato ma'aunin matsi. Abu biyu na faruwa lokaci guda kuma suna karo da juna. Daga waje ruwan dutse na shigowa yana jiƙa shi. Daga ciki kuma zafin gwangwani na mayar da ruwan dake kusa tururi, tururin ya gudu zuwa inda yafi sanyi ya sake zama ruwa, sai ɓangaren dake jikin gwangwanin ya bushe ya tsuke har ya tsattsage kamar bakin kududdufi a watan Maris. Idan samfurinka bashi da tafiyar tururi toh bazai taɓa nuna maka wannan bushewar ba, kuma ka riga kaga me bushewa ke yiwa zafi.

Abubuwan da zaka shigar sune dokar Darcy ta gudun ruwa, lanƙwasar riƙe ruwa, wato layin dake nuna ƙarfin zuƙa a kowane matakin jiƙa, wadda yawanci ake amfani da ta van Genuchten ta 1980, yadda saurin ratsawa ke raguwa idan yumɓu bai cika da ruwa ba, da k na zafi a matsayin abunda ke bin jiƙa. Ka kuma bari kaurin ruwa ya bi zafi, a digiri 80 ruwa ya tsinke ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa a digiri 20, kenan yana gudu sau uku.

Dan Allah ka kula da ma'auni. Akwai lambar ratsawa da ake rubutawa da murabba'in mita, akwai wadda ake rubutawa da mita a sakan, bambancinsu ga ruwa kusan sau miliyan 10 ne, kuma manhaja bazata yi maka gargaɗi ba, zata karɓa ta lissafa maka shirme cikin natsuwa. Haka Kelvin da digirin Selsiyas. Haka alamar matsi, wasu manhajojin danniya suke ba alamar + wasu kuma ja suke ba.

A giranait ruwa ba ta jikin dutsen yake bi ba, ta tsaguwa yake bi. Rami ɗaya tsaguwa ta ratsa shi ya jiƙe cikin 'yan shekaru, na kusa dashi babu tsaguwa ya ɗauki ɗaruruwan shekaru ko fiye. Saboda haka ka gudanar da duka biyun, ramin jiƙe da ramin bushe, na bushen shine zai baka mafi munin zafi.

Idan kuma dutsen yumɓu ka zaɓa kamar na Bure ko Opalinus, matsalar wata ce daban kuma wallahi ita ce mafi ban sha'awa a duk fannin. Ruwa yafi dutse buɗewa idan yaji zafi, sau da yawa ma, toh shi kuma dutsen yumɓu ruwa baya iya fita daga cikinsa, saurin ratsawarsa wajen 10 a ƙarfin -13 na mita a sakan ne. Ruwan na son buɗewa, babu hanya, sai matsinsa ya hau. A mita 500 matsin ruwa na asali kusan megafaskal 5 ne, nauyin dutsen dake sama kuma wajen 12 zuwa 13, idan zafi ya tura matsin ruwan ya tunkari wannan lambar toh ƙwayoyin dutsen sun daina danne juna, yana iya tsagewa, kuma dutsen da aka zaɓa don baya yoyo shine kake tsagawa da hannunka. Wannan lissafin yana cikin abubuwan dake yanke tazarar da Faransawa ke bari tsakanin ramukansu. Sannan irin wannan dutsen shimfiɗa-shimfiɗa ne, zafi yafi gudu ta kwance akan ta tsaye, a Opalinus kusan ninki biyu, kada ka bashi k guda ɗaya.

Sai dutse

Kafin ka kunna zafi a ɓangaren ƙarfi dole ka bi tarihin wurin daki-daki. Ka fara saka matsin asali ka bari samfurin ya zauna ba motsi, idan yana motsi tun ba'a taɓa shi ba akwai kuskure. Sannan ka haƙa tanel, ka bar shi a buɗe na lokacin da iska ke busar da bangonsa, sannan ka saka gwangwani da bentonait, sannan zafi. Masu tsallake wannan suna rasa yankin da haƙa ya lalata a bangon rami, inda ƙananan tsaguwa ke ƙara wa ruwa hanya.

Matsin tsaye mai sauƙi ne, nauyin dutse, kamar megafaskal 13 a mita 500. Na kwance kuma sai an auna, a Forsmark mafi girmansa ya kai wajen 40, ya ninka na tsaye sau uku. Yanzu ƙara na zafi, shima da hannu: E × α × ƙarin zafi ÷ (1 − ν), E taurin dutsen ne, α yawan buɗewarsa a kowane digiri, ν kuma yadda yake buɗewa gefe idan an danne shi. Ga giranait E kamar gigafaskal 70, α kamar 8 cikin miliyan, ν 0.25, idan zafi ya ƙaru da digiri 40 zaka samu kusan megafaskal 30 akan wanda yake can. A bangon rami kuma matsi taruwa yake ya ninku, shiyasa bango ke ɓarewa falle-falle. An gwada wannan a ɗakin gwajin ƙarƙashin ƙasa na Äspö a Suwidin, aka ga ɓarewar na farawa tun matsin bai kai kashi 60 cikin 100 na ƙarfin da ake aunawa da ƙaramin dutse a leb ba. Idan ka ɗauki lambar leb kai tsaye zaka ce lafiya lau alhali bango na zuba.

Ga bentonait, fara da doka mai sauƙi wadda kumburi ke bin jiƙa kai tsaye, ka daidaita ta yadda idan ya cika zai bada matsin kumburi na 'yan megafaskal kamar yadda aka auna a leb. Sai komai ya zauna sannan ka koma samfurin Barcelona na Alonso, Gens da Josa na 1990, yafi gaskiya amma lambobinsa da yawa kuma yana saurin sa lissafi ya tsaya cak. Idan ya tsaya, rage takun lokaci, a farko ya zama sakanni ko awanni yana girma har ya kai shekaru, kuma kada ka kunna wat 1,700 farat ɗaya, ɗaga shi a hankali. Ka riƙa ajiye sakamako a tsakiya yadda idan wuta ta ɗauke zaka ci gaba daga inda ka tsaya.

Gishiri bazan daɗe a kansa ba, shi tafiya yake a hankali yana rufe ramin da kansa, zafi na ƙara masa sauri, dokarsa daban.

Gwada shi da abunda aka auna

Duk abunda kayi zuwa yanzu ya nuna manhajar na warware lissafi daidai ne kawai, bai nuna ƙasa haka take yi ba. Don wannan aka kafa DECOVALEX a 1992, ƙungiyoyin ƙasashe daban-daban su ɗauki gwaji guda, kowa ya lissafa da manhajarsa, a ajiye amsoshi kusa da abunda na'urori suka auna. Kai ma haka zakayi.

Gwajin da zan ce ka fara dashi shine FEBEX, na hukumar ENRESA ta Sifen, a Grimsel cikin tsaunukan Siwizalan. A 1997 aka kunna hita biyu masu girman gwangwanin gaske a cikin giranait, an zagaye su da bentonait, aka riƙe zafin a digiri 100. An tono ɗaya a 2002, ɗayar ta ci gaba har 2015, shekara 18 kenan. Abunda ya fito yana da muhimmanci, zafi kusan kowa ya cinka shi daidai, amma jiƙewar yumɓun tafi jinkiri akan yadda samfuran farko suka ce, bayan shekara 18 ɓangaren dake jikin hitar bai gama cika da ruwa ba. Daga nan aka koma ana duba yadda ƙofofin yumɓun ke canzawa yayin da yake kumbura, manyan ƙofofi na rufewa ruwa ya rasa hanya. Idan dutsen yumɓu kake yi akwai gwajin FE a Mont Terri ta Siwizalan, hita uku kowace wat 1,350 a tanel mai tsawon mita 50, da PRACLAY a Mol ta Beljiyam da aka kunna a 2014.

Yadda zakayi shine ka raba bayanan biyu. Daidaita lambobinka da shekarun farko kawai, ka rufe sauran, kayi hasashe, sannan ka buɗe ka gani. Kuma kada ka murɗa lambobi goma don layinka ya hau kan na sensa, da lambobi goma ko wane layi zai hau, ka murɗa biyu ko uku waɗanda kasan ba'a auna su da kyau ba, kuma kada su fita daga iyakar abunda leb ya bada. Ka gwada zafi, laima, matsin ruwa da matsin kumburi duka a tare, samfurin da ya dace da zafi kaɗai bai ci jarabawa ba.

Bayan haka sai ka ɗauki lambobin ɗaya bayan ɗaya ka ɗaga ka sauke, k na dutse, k na busasshen bentonait, ratsawar ruwa, zafin farko, ka rubuta nawa ƙololuwar zafi da matsin ruwa suka motsa. A rahotonka kada ka rubuta digiri 87.3 kamar ka auna da hannu, ka rubuta daga kaza zuwa kaza da lambar da tafi jan amsar. Idan zaka wuce shekara dubu goma kuma zafin sharar ya riga ya zama kaɗan, abunda zai shigo shine sauyin yanayi, a Finland da Suwidin ƙanƙara mai kaurin kilomita 2 zuwa 3 ta taɓa danne wurin kuma ana lissafin zata dawo, har yau ƙasar Olkiluoto tana ɗagowa kamar milimita 6 a shekara tun bayan narkewar ta baya. Wannan sai ka shigar dashi a matsayin nauyi da matsin ruwa masu canzawa a saman samfurin, a wani gudu na daban, da raga mai faɗin kilomitoci ba ta rami ɗaya ba.